Saƙon da Na Riƙe Kwana Arba'in

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi ko gobe aka ce in dafa Alƙur'ani a kansa zan dafa. An doshi shekara goma yanzu, lokacin ina aiki a wata cibiyar binciken ciwon daji a nan Kano. Ba zan faɗi sunanta ba, mutanen cikin labarin ma duk na sauya musu suna, don yawancinsu suna nan da ransu.

Da farko dai ni ba likita ba ne. A unguwarmu, nan Ƙofar Wambai, Likita ake ce min, na yi bayani har bakina ya gaji na ƙyale su, har yau tsofaffi suna tare ni a ƙofar masallaci su nuna min kumburin ƙafa. Ni ma'aikacin lab ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma aikina horar da ɗaliban da suka zo yin digiri na biyu da na uku, da waɗanda ma suka riga suka zama dakta suka dawo ƙarin horo. Farfesanmu yana koya musu tunani, ni kuma in koya musu hannu. Ku yarda da ni, mutum zai zo maka da takardu cike da jaka da Turanci kamar an kunna rediyo, amma ka miƙa masa kwalba biyu ka ce ya juye ruwan wannan a cikin wannan ba tare da ya taɓa bakinsu ba, sai ka ga rabin ruwan a ƙasa. A nan nake kama su, kuma ba na ɗaga wa kowa ƙafa.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya firgita ni ba. Idan za a yi wa mai ciwon daji tiyata, ana neman izininsa, in ya yarda sai a yanko ɗan ƙarin da aka cire, bai fi ƙwayar wake ba, a kawo mana. Mu kuma mu yayyanka shi, mu sa a 'yar kwalbar roba mai faɗi, mu zuba masa wani ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, wanda shi ne abincinsa, mu ajiye a inkubeta, wani akwati ne mai ɗumi daidai da ɗumin jikin ɗan Adam. In Allah ya so, ƙwayoyin ciwon su manne a jikin kwalbar su fara hayayyafa, sai a riƙa gwada magunguna a kansu. In ruwan ya koma ruwan ɗorawa, to sun cinye abincinsu, sai a zuƙe a zuba sabo, duk bayan kwana biyu ko uku, ko ranar Sallah ce. Yawanci dai mutuwa suke yi cikin mako guda. Kuma ba a rubuta sunan kowa a jikin kwalba, lamba ce kawai, littafin sunayen yana kulle a durowar Farfesa, ni da na fi kowa daɗewa a wurin ban taɓa ganin cikinsa ba.

To akwai wata ɗaliba mai yin digiri na uku, zan kira ta Falmata. Asalinsu Barebari ne, amma tun kakannin kakanni suke cikin birni, matar aure ce mai 'ya'ya biyu, siririya, mai wushirya, ga haƙuri kamar ba ta san zafin faɗa ba. Ni kuwa ta wajen uwa Bafillace ne, don haka wasa ne tsakaninmu, kullum in ce mata baiwata ta iso, ita kuma ta ce yaushe ɗan kiwo ya fara koyar da boko. Aikinta a kan ciwon dajin mama ne. Sau goma sha takwas ana kawo mata nama yana mutuwa a hannunta, shekara biyu cur, har Farfesa ya fara maganar a sauya mata aiki. Na sha tara ne ya kama. Kai, ranar da na leƙa madubin gwaji na ga ƙwayoyin nan sun shimfiɗu sun cika kwalba, ni da kaina na fita na sayo wa kowa lemo.

Dokokina a ɗakin nan ba su da yawa, amma babbarsu ita ce ba a magana a kan kwalba buɗaɗɗiya, ko da takunkumi a baki, don ɗigon yawu ɗaya ya isa ya ruɓar da aikin shekara. Wata rana da hantsi na shigo ɗaukar safar hannu, sai na ji Falmata tana cewa ƙasa-ƙasa, "Iya, sannu da yunwa, yi haƙuri, yaron ne ba shi da lafiya na makara." Na duba ba kowa a ɗakin, da lamba sha tara take magana. Na yi mata tatas, na ce in hira take so ta tafi gidan suna. Ta ba ni haƙuri, ta ce, "Malam, uwar wani ce fa, ba ka ga ita kaɗai ta tausaya min ba?" Daga ranar sai ta koma sa takunkumi biyu, kuma na san ba ta daina ba, don in na wuce ta bayan gilashi ina ganin haɓarta tana motsi. Da yake ƙwayoyin ba su taɓa lalacewa ba, sai na kau da kai.

Ana nan, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na biyo ta Ƙofar Mata a ƙafa, sai na ji an ce, "Likita!" daga wajen karofi. Wani tsoho ne zaune a rumfa kusa da ramukan rini, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu, ban san shi ba, daga baya na ji ana ce masa Baba Inuwa. Na ɗauka kumburin ƙafa ne, na ƙarasa na durƙusa muka gaisa. Ya ce mako biyu yana cigiyata, an ce masa akwai ɗan Ƙofar Wambai da yake aiki inda ake ajiye naman mutane a kwalba. Raina ya ɗan sosu, na ce, "Baba, ba naman mutane ba ne, bincike ne." Ya ce, "To, binciken. Zauna, ɗana."

Ya ce mai ɗakinsa wata bakwai ke nan da rasuwa, ciwon mama ne. Lokacin da za a yi mata aiki an kawo takarda an karanta musu, ita ta ce in dai zai amfani wata a ɗiba, ta dangwala, shi ma ya dangwala, har malamar asibitin tana tsokanarsa wai shi ba sai an sa masa tawada ba. Na zaci zai ce a dawo masa da abin ya binne, kuma doka ta ba shi dama. Kamar ya karanta fuskata, sai ya ce, "Ni ban zo karɓar komai ba, ita ta bayar da bakinta. Saƙo ne aka ba ni."

Ba zan iya kawo muku maganarsa kalma-kalma ba, amma ga yadda na riƙe ta. Ya ce shi ba mai mafarki ba ne, amma sau uku ke nan in ya yi Azahar ya ɗan kishingiɗa a rumfar nan, sai ya gan ta zaune a wani wuri mai ɗumi, ba taga ba fitila, ta ce masa lafiyarta ƙalau, akwai wata yarinya mai wushirya da take zuwa tana ba ta jan ruwa, tana ce mata Iya. Jama'a, rana ce tsaka, ga mutane suna ta wucewa, ga ƙarar masu bugun rinannun kaya, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Ya sunkuyar da kai, ya rage murya, don shi ma maganar ta yi masa nauyi, ya ce, "Ta ce yarinyar tana da abu a mamanta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ta ce ba wanda ta gaya wa sai ita, ko mijinta bai sani ba, wai sai ta gama rubutu. Ta ce a gaya mata, ita ma lokacin da ta ji nata ƙullutun haka ta ce, sai an gama bikin auta."

Na ce masa to, in sha Allahu zan isar. Ya ɗora shuɗin hannun nan a kafaɗata ya ce Allah ya yi min albarka, na tashi na tafi.

Ban isar ba. Wannan ne abin da ya sa nake rubuta labarin nan, don haka ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Kafin in kai gida na riga na gina wa kaina hujjoji: wataƙila wani mai shara a wurinmu ɗan unguwarsu ne ya ji ta tana cewa Iya, wataƙila tsohon kewar matarsa ce ta taɓa shi, kuma ma wa ya ce lamba sha tara matarsa ce, tunda mata da yawa ne suka dangwala takardar nan? Kuma ni da nake korar ɗalibi in ya kawo min sakamakon da bai maimaita sau uku ba, ni ne zan je in ce marini ya yi mafarki? Amma duk wannan rufi ne. Gaskiyar ita ce kunya. Ta yaya zan dubi matar mutum, wadda nake girmama mijinta, in yi mata maganar mamanta? Ko matata ban iya gaya wa ba, don na san tambayar farko da za ta yi min ita ce me ya kai idona can.

Sai na koma sa mata ido daga nesa. Wata biyar ya rage ta miƙa kundin digirinta, tana zuwa tun bakwai na safe, ta rame, amma wane ɗalibin digiri na uku ne ba ya ramewa? Na lura ta daina ɗaga hannun hagu in za ta ɗauko abu a saman kanta, sai ta jawo kujera ta taka. Wata rana na yi ƙarfin hali, na ce, "Baiwata, ku masu binciken ciwon nan, kuna dai duba kanku ko?" Ta ɗago ta dube ni, wallahi na ga idonta ya canza, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ni da kaina na tsorata na mayar da abin wasa, na ce ai Barebari ciwo ma gudunsu yake. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba ta koma kan aikinta. Har hanya na sauya, na daina bi ta Ƙofar Mata, in zan je ko'ina sai in yi zagaye, ni da gemuna ina ɓuya wa tsoho.

Ranar wata Laraba da safe na fito da babur zan tafi aiki, sai ga Baba Inuwa tsaye a ƙofar gidana, ya tako da ƙafa tun daga unguwarsu. Daga baya na ƙirga, kwana arba'in cif da haɗuwarmu. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ba ka faɗa ba ko?" Na ce ban faɗa ba. Ya ce, "Jiya ta zo, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce yarinyar ta gaya mata wani ya fito a hammata." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake wannan aikin na san ma'anar hammata, ciwo ya tashi daga inda yake ya kama hanya ke nan. Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan na isa wurin aiki ba.

A lokacin muna da wata Dakta Rabi, likita ce ta gaske, ta gama digirinta na uku a waje ta dawo tana ƙarin horon bincike a wurinmu, mace mai kaifin baki, ni da ita mun sha karawa a kan wanke hannu. Ita na samu a ofis, na rufe ƙofa, na zayyana mata komai ina kallon ƙasa, sai abu ɗaya da na ɓoye: na nuna kamar yau da safen nan tsohon ya fara zuwa min. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, da girmanka? Mafarkin marini?" Na ce na sani, ta zage ni daga baya. Sai ta ajiye biro ta miƙe ta ce ai dubawa ba ta da wuya, in ba komai sai ta ce tana koya mata yadda ake duba marasa lafiya ne.

Ta ja Falmata ɗakin ajiya suka kulle. Ni ina tsaye a baranda kamar mai jiran haihuwa. Sun fi rabin awa, ina jiyo sautin kuka kaɗan-kaɗan. Da Dakta Rabi ta fito sai ta gyaɗa min kai, fuskarta ba alamar tsokanar ɗazu, ta wuce tana kiran wani likitan tiyata a waya. Can sai ga Falmata, ido jawur, ta tsaya nesa da ni ta ce, "Malam, wa ya gaya maka? Wallahi ban faɗa wa ɗan Adam ba." Na ce na sani. Na gaya mata abin da tsohon ya ce, har maganar bikin auta. Sai ta zame ta zauna a ƙasa a barandar nan, da farar rigar aikinta.

Ashe wata biyar ke nan da ta ji ƙullutun. Ta san ko mene ne, ita da take kallon irinsa a madubi kullum, kuma mahaifiyarta da ciwon ta rasu. Ta ce in ta faɗa za a kwantar da ita, kuma in ta kwanta aikin shekara huɗu ya tashi, don ba wanda ƙwayoyin nan suka saba da hannunsa sai ita. Kun ji fa, mai ilimin ciwon ce take wannan lissafin. Dakta Rabi ta samo mata ganin likita washegari, amma Falmata ta kafe ta ce ba inda za ta sai ta ga tsohon nan da idonta.

Bayan La'asar muka tafi mu uku. Gidan yana wani lungu a bayan karofi, sai da muka ajiye mota a bakin titi muka taka, muna raɓewa muna ba masu kura hanya. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Falmata ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, shi kuma ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ɗan yi murmushi, 'yata." Ta yi, hawaye yana zuba, ya ga wushiryar, ya ce, "Ikon Allah. Ke ce." Dakta Rabi ta shiga yi masa tambayoyi irin na likitoci, ko yana da ɗan'uwa a wurin aikinmu, ko wani ya taɓa kwatanta masa ɗakin. Ya ce shi bai taɓa shiga wajen ba, asibitin ma rabonsa da shi tun ranar da aka sallami mai ɗakinsa. Ya ƙara da cewa, "Ai na daɗe da aikawa," sai ya dubi inda nake, ya haɗiye sauran maganar, ya ce a kawo wa baƙi ruwa.

Falmata ta ce, "Baba, to in na kwanta wa zai ba Iya abinci?" Tsohon ya yi 'yar dariya ya ce, "Kin ji irin maganarta ke nan. Ita ma ta ce in ta kwanta wa zai yi wa auta jere. An yi bikin, an yi jeren, ga ɗakin marigayiyar can a kulle." Ni ne na buɗe baki na ce na ɗauki alkawari, ni da hannuna zan riƙa ciyar da lamba sha tara har ta warke ta dawo, ko Sallah ko Juma'a. Ta dube ni ta ce, "Ka rantse, ɗan kiwo." Na rantse. Washegari da safe mijinta ya kai ta asibiti.

Dakta Rabi ba ta haƙura ba, ta je ta sami Farfesa ta ce ya buɗe littafi ya duba ko lamba sha tara matar wani marini ce a Ƙofar Mata. Ya ce doka ba ta ba shi dama ba, kuma ya yi mamakin ta tambaya. Bai taɓa gaya mana ba har ya yi ritaya. Abin da na sani kawai, a makon na dawo bin tsohuwar hanyata, sai na ga motarsa a ajiye a bakin karofi.

Gwaji ya nuna ciwon ne, kuma ya shiga kaluluwar hammata. Aka cire maman, aka kwashe kaluluwar, aka ɗora ta a kan allurai wata da watanni, gashinta ya zube, ta koma kamar ba ita ba. Ni kuma na riƙe alkawari, duk bayan kwana biyu in zuƙe ruwan ɗorawa in zuba ja, bakina a rufe kamar yadda dokata ta ce. Ranar da na je duba ta bayan tiyata, mijinta ya fita sayo magani, sai ta ce min, "Malam, tsohon nan ya ce ya daɗe da aikawa. Yaushe ya ba ka saƙon?" Na so in yi ƙarya, Allah ya sani. Na ce kwana arba'in kafin ranar. Ta juya fuska wajen bango ta daɗe, ni kuwa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta ce, "Ni na riƙe wata biyar, kai ka riƙe kwana arba'in. Kunya ce ta ci mu duka. Na yafe maka." Fita na yi na tsaya a bayan ɗakin na yi kuka, ni da ban yi a gaban mutane ba ko ranar da aka binne mahaifina.

Wajen wata uku bayan haka na je karofi kai wa Baba Inuwa goro da labarin cewa jikin Falmata yana sauƙi. Na same shi yana juya rini da muciya. Ya yi hamdala, ya ce ai mai ɗakinsa ta daina zuwa masa, sau ɗaya kawai ta leƙo makon jiya. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni, na ce me ta ce? Ya jingine muciyar yana murmushi ya ce, "Ƙorafi ta yi. Ta ce yanzu wani mutum ne yake ba ta abinci, ba sallama ba sannu. Ta ce ranar Talata ya yar da murfinta a ƙasa, ya ɗauka ya goge ya mayar, yana waigen ƙofa."

Jama'a, ranar Talatar nan ni kaɗai ne a ɗakin, kowa ya tafi taron ƙara wa juna sani, ƙofa a rufe, da rana tsaka. Murfin ya suɓuce min ya gangara ƙarƙashin kujera. A ƙa'ida sai a sauya kwalba gaba ɗaya, kuma da ɗalibi ne ya yi abin da na yi da sai ya yi mako bai shiga ɗakin ba. Ni kuwa na goge shi da sifirit, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, na mayar, kuma na waiga. Ban gaya wa kowa ba, ko a littafin aiki ban rubuta ba. Na tsaya a bakin ramin nan ina kallonsa, shi kuma ya ci gaba da juya rininsa kamar ya ba ni labarin farashin gero.

Ban da bayanin da zan ba ku. Ƙwayoyin nan na sha kallonsu a madubi, ba ido ba kunne, ba komai sai ci da rabuwa biyu. Na tambayi wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ya ce sha'anin rai na Allah ne, in bar shi a nan. Baba Inuwa ya rasu bayan shekara biyu, na je jana'izarsa, kuma har ya koma ga Allah bai sake kawo min wani saƙo ba.

Falmata tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Ta gama digirinta da jinkirin shekara guda, yanzu ita ma ɗalibai take horarwa. Sai dai hannunta na hagu, tun da aka kwashe kaluluwar nan, a kumbure yake, ya kusa biyun ɗan'uwansa, kullum cikin wata doguwar safa mai matsewa, ba ta iya awa guda tana aiki da shi sai ta ajiye ta huta. Dakta Rabi ta sha gaya min ba wanda zai iya cewa da an zo da wuri da ba a taɓa hammatar ba, wataƙila tun tuni ciwon yana can. Ina jin ta. Amma ni na ji saƙon farko da kunnena, kuma babu hammata a cikinsa.

Don haka 'yan'uwa mata, don girman Allah, in kin ji wani abu a jikinki kada ki ce sai an gama jarrabawa, sai an yaye yaro, sai bayan biki. Ki je a duba ki a makon. Ku kuma maza, in magana ta faɗo hannunku wadda ran wani yake ciki, ko ta wace hanya ta zo, ko da kuwa ba ku yarda da hanyar ba, ku nemi wata mace ku ba ta ta kai kafin rana ta faɗi. Ni dai ranar Sallar da ta wuce Falmata ta zo gaishe ni da 'ya'yanta, za ta miƙo min kwanon cincin da hannu biyu irin na ladabi, na ga hagun ya kasa ɗagowa, sai da ta tallafe kwanon da ƙirjinta. Ta yi dariya ta ce ɗan kiwo ya karɓa mana. Na karɓa, amma har suka tafi ban iya kai ko ɗaya bakina ba.